Sabon Sunan Yarima Sibrand

Litinin, 9 ga Maris, da hantsi

Jaridar gari ta yau ta ce "an tuɓe Yarima Sibrand." Wannan kuskure ne, kuma tun da shekaruna sun wuce na jayayya da 'yan jarida, a nan zan gyara shi. Tuɓewa hukunci ne. Mai laifi ake yi wa, ba a kuma tambayar ra'ayinsa. Abin da ya faru shekaranjiya a ɗakin majalisa daban ne. Yarima ya ajiye yarimancinsa da hannunsa, a gaban shaidu, bayan an karanta masa a fili abin da zai rasa. Ina cikin shaidun, domin ko da yake na yi ritaya daga muƙamin Sarkin Fada, har yanzu akan tuna da ni idan za a yi abin da ba a taɓa yi ba. Jaridar ta ƙara da cewa mahaifin matarsa mahauci ne. Likitan dabbobi ne. Wanda bai iya bambanta mai yanka da mai warkarwa ba, bai kamata a ba shi alƙalami ba.

Dokar gidan Aldenhorn ba ta da kwana-kwana: ɗan sarki sai 'yar sarki. In ya auri wata ba da yardar Sarki ba, auren ya ɗauru a gaban Allah, amma gadon sarauta bai san da shi ba, kuma dole ya zaɓi ɗaya cikin biyun. Yarima ya auri Gesine Oltmann a wata ƙaramar cocin ƙauye da ke ƙetaren iyaka, cikin sanyin Janairu. Shi kaɗai ne ɗa. Bayan ran Mai Martaba, ƙasar za ta koma hannun dangi na reshen kudu, mutanen da ko teku ba su taɓa gani ba.

Ya cire tauraron ƙirjinsa, ya kwance shuɗiyar ɗamara, ya ninke ta gefe ga gefe yadda na koya masa yana yaro, ya ajiye a kan tebur. Na ga mutane suna ajiye hula da damuwar da ta fi wadda ya ajiye ƙasa guda da ita. Na tsaya ina kallonsa kamar mai kallon teku ranar da ta cika ta batse, ban san ko tsoro nake ji ko girmamawa ba.

Mai Martaba bai halarta ba. Tun ranar da aka yi abin da aka yi a ɗakin karatu, uba da ɗa ba su sake magana ba. Ba zan rubuta abin da aka ce an jiyo ta bayan ƙofa ba.

Laraba, 11 ga Maris, da yamma

Theda, ƙanwata da ke riƙe mini gida, ta jefo mini tambaya tana zuba shayi.

"To, Yaya Onno, yanzu wane ne shi? In na gamu da shi a kasuwar kifi, me zan ce?"

Na bayyana mata cewa 'ya'yan gidan sarauta ba su da sunan iyali kamar sauran mutane; ƙasar ita ce sunansu. Tun da ya ajiye ƙasar, ya ajiye sunan. Sai ranar da Mai Martaba ya miƙa masa takardar sabuwar sarauta, ta Graf, wadda ke ƙasa da yarimanci, sannan zai sami abin da za a kira shi da shi, shi da matarsa da 'ya'yan da za su haifa.

"Wato a yanzu kyanwarmu ta fi shi suna."

"Theda, ba abin wasa ba ne."

"Ni ma ba wasa nake yi ba. Sha shayinka. Ka tsaya kana jiran sukari ya narke kamar shi ma sai an karanta masa doka."

Na sha shayin. Amma abin ya tsaya mini a rai. Akwai mutum a garin nan, yana ci yana sha, wanda ba shi da suna.

Alhamis, 12 ga Maris, bayan cin rana

Mai Martaba ya aiko a kira ni. Na same shi a kujerar da ke kusa da murhu, an rufe masa ƙafafu da bargo. Ba zan bayyana yadda na gan shi ba. Likita yana fita ina shiga, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Onno, kai ka san tsofaffin takardu. Nemo mini sunan da za a ba mutumin nan."

Dama na shirya. Al'ada ita ce a ɗauko sunan wani gidan manya da zuriyarsa ta ƙare, a sabunta shi. Na karanto masa waɗanda na tanada, kowanne da tarihinsa da hatiminsa. Ya saurara idonsa a rufe har na gama.

"Duk sun mutu?"

"Allah ya ja zamaninka, ai shi ya sa sunayen suke a ajiye."

"Kada ka sa wa ɗana rigar matattu."

Ya faɗa kafin ya ankara. Ɗana. Na sunkuyar da kai ina gyara takarduna da ba sa bukatar gyara. Can ya yi gyaran murya, ya ce akwai wani tudu a bayan shingen da ke tare ruwan teku, wanda makiyaya ke kira Ellerwarf, babu komai a kansa sai garken tumaki da iska. Ya ce a rubuta wannan. Na tuna masa, cikin ladabi, cewa babu wanda ya taɓa amsa wannan sunan tun da aka kafa ƙasar.

"Shi ya sa," in ji shi.

Na daɗe ina hidimar sunaye. Na binne wasu, na share ƙurar wasu. Yau ne karo na farko da na ga an haifi suna a gabana, daga bakin mutum ɗaya, ba shawara, ba mashawarci. Na tattara takarduna na fito.

Lahadi, 15 ga Maris, bayan coci

A addu'ar gidan sarauta, fasto ya ambaci Mai Martaba, sannan ya zo wurin da sunan Yarima yake tun ranar da aka haife shi. An umarce shi ya tsallake. Ya tsallake, amma numfashinsa bai san da umarnin ba. Ya tsaya daidai tsawon sunan, sannan ya ci gaba. Cocin ta cika maƙil, masunta har bakin ƙofa, kuma na tabbata babu wanda bai faɗi sunan a zuciyarsa ba a cikin wannan shirun. Ban taɓa jin addu'a mai ƙarfinsa ba.

Ya kamata in kai ƙarar faston wurin hukuma. Ba zan kai ba.

Talata, 17 ga Maris, da safe

Ruwa tun jiya. Likita ya je fada sau biyu. Theda ta gani ta taga, ni ban duba ba.

Juma'a, 20 ga Maris, da la'asar

Sibrand da matarsa sun zo gidana, su biyu, a ƙafa.

Ƙofar falona mai marfi biyu ce, irin ta fada. A ƙa'ida, jinin sarauta kaɗai ake buɗe wa duka biyun. Kowa, ko Graf ne, ta marfi ɗaya yake shiga. Hannuwana sun riga tunanina. Kafin in farga na wage su duka.

"Baba Onno," in ji shi yana murmushi, "rufe ɗaya, kada a kai ƙararka."

Na rufe. Ya shigo ta gefe, yana ɗan karkata kafaɗa, domin dogo ne mai faɗin ƙirji kamar mahaifinsa. Na rasa abin da zan kira shi. Na buɗe baki zan ce "ranka ya daɗe," sai na fasa, domin yanzu ba tasa ba ce.

Matar ce ta cece ni. Gajeriya ce, hannuwanta na mai aiki, tana kallon mutum kai tsaye.

"Kada ka damu, Baba. Ni ma yarima na aura, na wayi gari da mijin da ko mai kawo wasiƙa bai san inda zai same shi ba. Ni 'kai' nake ce masa, kuma yana amsawa."

Theda ta yi dariya har ta zubar da madara. Kafin shayi ya huce sun ƙulle, suna maganar yadda ake hana kabeji yin tsami fiye da kima, kamar tare suka tashi.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ranar ɗaya ga Afrilu aka sa za a miƙa masa takardar a babban zaure. Washegari jirgin ruwansu zai tashi zuwa arewa, inda wani abokinsa ya samo masa aikin kula da gandun daji. Strunck, wanda ya gaje ni a muƙamin Sarkin Fada, ya aika masa da tsarin bikin. Babu sunan Gesine a ciki.

Na bayyana masa, ko da yake ya sani. Wadda ba ta da sarauta ba ta shiga fada ta babban matakala; ƙofarta ita ce ta gefe, ta masu kawo kuka, kuma wannan ba ta kaiwa zaure. Da zarar takardar ta shiga hannunsa, ta zama matar Graf, hanya ta buɗe mata. Kafin nan, 'yar likitan dabbobi ce.

"Wato in bar ta a tsakar gida tare da dawakai, in hau in karɓo mata izinin zama mutum."

"Na ɗan lokaci kaɗan ne."

"Baba Onno, na ajiye ƙasa don kada a tsayar da ita a waje. Yanzu saboda takarda zan tsayar da ita? Ku aiko da ita ta gidan waya."

"Ba a aika sarauta ta gidan waya. Hannu da hannu ake ba da ita, ko kuwa ba a bayar ba."

Gesine ta ajiye kofinta. "Sibrand, ni tsayuwa ba ta dame ni ba. Na sha tsayawa a garke ana jiran saniya ta haihu. Ka hau ka ga mahaifinka."

"Ba zan hau ba."

"Kai dai taurin kai ne da kai kamar ɗan maraƙi."

"Na gada."

Babu wanda ya yi dariya. Duk mun san ba takardar ce abin ba. In bai hau ba, jirgi zai tashi, kuma yadda likita ke zirga-zirga, uba da ɗa ba za su ƙara ganin juna ba.

Asabar, 21 ga Maris, da hantsi

Na je wurin Strunck. Yaron kirki ne, ni na koya masa aiki, ko da yake har yau bai iya rubuta gayyata ba tare da kuskure ba. Na roƙe shi a kau da kai sau ɗaya. Ya rufe ƙofa kafin ya amsa.

"Yallaɓai, dangin kudu sun turo lauyansu, yana masauki tun jiya. In matar nan ta taka matakala a matsayin da take, zai rubuta cewa Mai Martaba ya karɓe ta a matsayin surukar gidan sarauta. Za su ce ajiyewar wasa ce, su kai mu kotun tarayya, su nemi a naɗa mai riƙon ƙwarya tun Sarki yana da rai. Kai ka koya mini cewa ƙofa ba katako ba ce."

Ni na koya masa. Gaskiya ya faɗa, kuma da ni ne a kujerarsa, abin da zan faɗa ke nan.

Litinin, 23 ga Maris, da yamma

Na wuni a ma'ajiyar takardun fada. Na bi ƙa'idojin zaure tun daga zamanin kakan Mai Martaba. Waɗanda suka tsara su ba su bar kafa ba, ko ta allura. A wani lokacin da na yi alfahari da su.

Laraba, 25 ga Maris, da yamma

Babu.

Alhamis, 26 ga Maris, da safe

Shamuwa ta dawo kan bututun hayaƙin maƙwabcinmu. Theda ta ce alheri ne. Na ce mata tsuntsu ne. Ta ce, "Kai ma tsoho ne, amma ban fasa ba ka abinci ba." Ta lura ba na ci. Ta ce uban da ɗan duk kanwar ja ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ni da nake kai da kawowa a tsakaninsu, ƙafata kawai zan ƙarar.

Na je masaukin Sibrand. Ya karɓe ni da girmamawa, ya ba ni kujera, ya tambayi ciwon gwiwata. Da na ɗauko maganar, ya tashi ya tsaya a taga. Ya tambaye ni ko mahaifinsa yana iya cin abinci. Na gaya masa abin da na sani. Amma bai canza ba.

Asabar, 28 ga Maris

Ba zan rubuta komai yau ba.

Litinin, 30 ga Maris, da la'asar

Na nemi ganin Mai Martaba, aka ba ni izini. Ya ƙara ramewa. Zoben hannunsa yana juyawa da kansa. Na gaya masa gaskiya ba tare da ado ba: ɗansa ba zai hau ba sai da matarsa, matarsa ba za ta hau ba sai da takarda, takarda kuma ba ta fita sai daga hannunsa. Na ce na bincika duk inda ake bincikawa, ban sami hanya ba.

"Kai ma, Onno?"

"Ni ma, Allah ya taimake ka."

"Da ka samu da na yi mamaki. Kakana bai bar ƙofa a buɗe ba ko ga mala'iku." Ya yi tari, na jira. "Yaya take, yarinyar?"

Ban san yadda ake amsa wannan a ƙa'ida ba. Na ce tana kallon mutum a ido, kuma ta kira ɗansa ɗan maraƙi a gabana. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda na ɗauka tari ne, sai daga baya na gane dariya ce.

Ina shirin fita ya tsayar da ni. "Onno, a ina fada ta fara?"

Irin tambayar da nake so ke nan, mai amsa ɗaya. Na ce daga matakin farko na babban matakala. Tsakar gidan, bisa tsohuwar yarjejeniya da majalisar gari, hanyar jama'a ce, shi ya sa mata ke ɗibar ruwa a rijiyar da ke wurin. Ya gyaɗa kai, ya rufe ido. Na ɗauka gajiya ce ta sa shi tambayar abin da ya sani tun yana yaro.

Talata, 31 ga Maris, da yamma

Strunck ya aiko cewa bikin yana nan gobe kamar yadda aka tsara, bisa umarnin Mai Martaba, kuma a sanar da Sibrand ya zo da wanda ya ga dama har bakin matakala. Na kai saƙon. Gesine ta ce za ta ja shi ko da igiya. Ya ce zai zo har tsakar gida, domin kada a ce ya ƙi amsa kiran mahaifinsa, amma ƙafarsa ba za ta taɓa dutsen ba.

Theda ta goge mini tsohuwar rigar fada. Ta yi mini yawa.

Laraba, 1 ga Afrilu, da yamma

Zan rubuta shi a tsare, yadda ya faru, domin hannuna yana so ya yi gaggawa kuma ba zan bar shi ba.

Da hantsi zaure ya cika. Ni ban shiga ba; na tsaya a saman matakala inda nake ganin tsakar gida. Sun zo a ƙafa. Shi cikin baƙar riga ba ko alama ɗaya a ƙirji, ita cikin ruwan toka. Suka tsaya dab da matakin farko. Mata masu ɗibar ruwa suka ajiye bokitansu. Lauyan kudu ya fito daga zaure ya tsaya kusa da ni, yana murza gashin bakinsa. Strunck ya sauka, ya yi magana da Sibrand, ya dawo fuskarsa ba jini. Aka yi ta jira.

Sai na ji an wage marfin zaure duka biyu a bayana.

Mai Martaba ne, cikin cikakken kakin sarauta, sanda a hannun dama, naɗaɗɗiyar takarda a hagu. Likita yana biye da shi yana magana ƙasa-ƙasa. Ya kore shi da kallo ɗaya. Ya wuce ni. Ya zo bakin matakala. Ya sa ƙafa a matakin farko na sauka.

Dole in bayyana wannan ko da ni kaɗai zan karanta. Sarkin Aldenhorn yana tarbar baƙo a zaune. In baƙon sarki ne kamarsa, yakan taso har bakin zaure. Ƙasan matakala kuwa, ga Sarkin Sarakuna, shugaban sarakunan tarayya, kaɗai ake sauka, kuma a duk rayuwata sau ɗaya na gani. Wannan al'ada ce, ba doka ba. Babu wanda ya taɓa tunanin rubuta ta, domin babu wanda ya taɓa tunanin za a bukaci hana sarki ƙasƙantar da kansa.

Strunck ya miƙa hannu zai tallafe shi. "Bari," in ji shi. Ya sauka shi kaɗai, mataki, ya huta, mataki, ya huta. Ana jin numfashinsa daga inda nake. Fadawa suka fito daga zaure suka yi cirko-cirko, ba wanda ya san ko ya bi shi ko ya tsaya, domin ba a taɓa koya musu ba. Masu gadi suka ƙame. A tsakar gida wani tsohon masunci ya cire hularsa, sauran suka bi. Ban ji ko tarin mutum ɗaya ba. Ni da na yi rayuwata ina auna girma da ƙofofi da kujeru, yau na ga girman da ba ni da ma'auninsa, kuma sauka yake yi.

A tsakiyar hanya ya yi tangaɗi. Sibrand ya zabura, ƙafarsa ta ɗaga za ta hau.

"Tsaya inda kake," in ji Mai Martaba. "Ka yi rantsuwa, kada ka karya ta saboda ni."

Na bi bayansa, ban san lokacin da na fara sauka ba, shi ya sa na ji sauran. Ya sauka daga mataki na ƙarshe, ya tsaya a kan duwatsun tsakar gida, a hanyar jama'a, kusa da rijiya. Ya miƙa takardar.

"Graf na Ellerwarf."

Sibrand ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen dutse ya karɓa da hannu biyu. Bai iya faɗin kalmomin godiya da aka tsara ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Mai Martaba ya juya ga Gesine. Ya daɗe yana dubanta.

"Ke ce 'yar Oltmann. Ubanki ya taɓa duba mini wata goɗiya."

"Ya ba ni labari, ranka ya daɗe. Ya ce goɗiyar ta fi mai ita haƙuri."

Strunck ya rufe ido. Mai Martaba ya ce, "Bai yi ƙarya ba." Ya ɗaga kai ya dubi matakalar da ya sauko, doguwa, fara, sannan ya dubi lauyan kudu a can sama. "Malam lauya, wannan matar Graf ce. Akwai abin da ya hana ta hawa?"

"Babu, Allah ya ja zamaninka."

"To, madalla, domin ni ba zan iya hawa ni kaɗai ba." Ya saki sandar ta faɗi a ƙasa. Ya riƙe hannun Gesine. Sannan, ba tare da ya dubi ɗayan gefen ba, a muryar da ban ji ba tun yaron yana ƙarami, ya ce, "Sibrand, kama ni ta nan."

Suka hau, su uku. Sun daɗe. A bakin zaure masu tsaron ƙofa suka rasa yadda za su yi, domin na tsakiya jinin sarauta ne, na gefe kuwa marfi ɗaya ne rabonsu. Suka dubi Strunck, Strunck ya dube ni. Na ce ana buɗe ƙofa ne ga mafi girman masu shiga. Wannan gaskiya ne, yana cikin ƙa'ida. Aka bar su a wage.

Na koma na ɗauki sandar.

Alhamis, 2 ga Afrilu, da rana

Jirgi ya tashi ba su a ciki.

Lahadi, 5 ga Afrilu, bayan coci

Theda ta kai miyar kaza fada, ta ƙofar gefe, ta dawo da labari. Graf yana kwana a kujera kusa da gadon. Matarsa ta kori rabin masu jinya, ta buɗe taga, likita ya yi fushi, Mai Martaba ya ce a bar ta. Uban da ɗan sun yi gardama a kan yadda ake gyara shingen teku har aka jiyo su a waje. Theda ta ce ba ta taɓa jin faɗa mai daɗin ji irin wannan ba.

Likita ya ce saukar nan ta rage kwanaki. Na tambaye shi ko Mai Martaba ya sani kafin ya sauka. Ya ce shi da kansa ya gaya masa.

Laraba, 8 ga Afrilu, da asuba

Ƙararrawar babbar coci. Ba zan rubuta ba.

Asabar, 11 ga Afrilu, da hantsi

A jerin masu rakiyar gawar Mai Martaba, Graf na Ellerwarf ya yi tafiya a inda sarautarsa ta ajiye shi, can baya, bayan dangin kudu da manyan hukuma. Bai nemi a matsar da shi gaba ba. Strunck ya gaya mini shi ne ya rufe idon mahaifinsa, kuma wanda ya sami wannan ba ya faɗa a kan layi.

Jibi za su tafi. Jiya Gesine ta zo sallama, ta gaya wa Theda abin da mata ke gaya wa juna, Theda kuma ta gaya mini kafin ƙofa ta rufu. Gesine tana da juna biyu. Ta ce yaron zai tashi a wata ƙasa, zai ji labarin kakansa daga bakin mutane iri-iri, tana so ya ji daga bakin wanda ba ya ƙara gishiri. Ban taɓa nuna wa kowa littafin nan ba. Na yanke waɗannan shafuka da wuƙa, a miƙe, zan aika mata da su yadda suke.

Ranki ya daɗe, matar Graf, ga abin da na haɗa da su a cikin ƙunshin. Akwai tsarin bikin da Strunck ya rubuta, wanda ba a bi ba. Na gyara kurakuransa da jan alƙalami, domin bai dace yaro ya koyi rubutu daga gare shi a haka ba. Akwai zanen tudun Ellerwarf da na sa aka yi, har da tumakin, don ya san abin da yake amsawa. Akwai ganyen shayi da safar ulu daga Theda, wadda ta ce in rubuta cewa shayin mutanen arewa ruwan wanki ne. Dogon abin da ke naɗe cikin zane kuwa, sandar Mai Martaba ce. Na kai masa ita washegarin bikin, ya dubi mijinki, ya dube ki kina gyara masa matashi, ya ce in tafi da ita, ba ya bukata.